Rijiyar Gindin Kurna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Mabera, bayan ganuwar Sakkwato, zuwa Wamakko.

Zuwa ga maiɗakina Sadiyatu, gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina fatan kina lafiya, ke da jaririnmu Na'Allah. Yaya jiki, yaya wankan jego, yaya zafin bazarar nan? Ki gaishe mini da Malam mahaifinki cikin girmamawa, da dukan mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Inna ma da sauƙi, sai ƙafar nan tata da ba ta barin ta sakat.

Bayan haka, gara ki ji daga gare ni kafin 'yan kasuwa su kai miki da ƙari. Dodo mai haƙar rijiya ya kai ga dutse a ramin da muke haƙa tsakar gida. Ba jar marmarar nan da ake fasawa da haƙuri ba, wani farin dutse ne mai tauri. In ya sara da dagi sai wuta ta tashi, hannunsa ya yi tsami har kafaɗa. Jiya ya fito ya zauna bakin ramin shina huci, ya ce shi bai san ko kaurin dutsen taki ɗaya ne ko ya kai tsawon giginya ba, kuma ba zai ƙarar da ƙarfinsa a kan abin da bai sani ba. Na so in yi mishi faɗa, sai na ga tafin hannunsa duk ya fashe, na fasa.

Ban manta da rantsuwar da Malam ya yi ranar suna a gaban mutane ba, cewa ba za ki komo Mabera da yaron nan ba sai gidana ya sami rijiya mai ruwa. Wallahi ban ga laifinsa ba. Shan ruwan kududdufi ne ya ɗauke mana yarinyar nan, ɗiyarmu, bara waccan, kowa ya sani. Amma kin san in ruwan sama ya sauka ba mai shiga rami, ƙasa za ta rufta, sai kuma wata bazarar. Ke nan yaro zai yi rarrafe, ya fitar da haƙori, ya fara tafiya, ni ina nan ina kallon ɗakinki a rufe. 

To ga wani abu da ya faru. Wani Bature ya sauka kusa da mu da tantinsa da kaya niƙi-niƙi, wai gwamnati ta aiko shi ya duba inda za a yi rijiyoyi. Mai unguwa ya nemi masu ɗaukar mishi kaya, ni kuwa da zama wuri ɗaya ya gagare ni, na miƙa kaina. Abin da aka ɗora mini akwati ne na katako, ba shi da girma amma ana lallaba shi ya fi jinjiri. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi a rataye, da allura siririya da ke jan layi bisa takardar da anka baƙanta da hayaƙin fitila, takardar tana juyawa a hankali. Ko tari ka yi kusa da shi sai allurar ta yi rawa. Yara har sun raɗa wa Baturen suna Mai Sauraron Ƙasa.

Tafintansa Ɗanladi, wani mutumin Sabon Gari mai yawan magana, shi ya yi mini bayani. Ya ce akwai ƙasashen da ƙasa kan girgiza har gidaje su zube, Allah Ya kiyashe mu. Masanan can sun lura girgizar takan yi gudu cikin dutse mai tauri, in ta shiga yashi ko laka sai ta riƙa jan ƙafa. To da akwatin nan suke auna saurin isowarta, su gane abin da ke ƙarƙashi ba tare da sun haƙa ba, har inda dutse ya tsage, ɓangare ɗaya ya nutse ya bar ɗaya sama. Da ya ga na saki baki, sai ya ce in tuna yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa su ji ko ta tsage. Nan na gane. Tun da ƙasarmu ba ta girgiza, Baturen zai girgiza ta da kansa da albarushi.

Sadiyatu, tun da na ji haka nake lissafi. In akwatin nan zai iya faɗa wa gwamnati kaurin dutse, zai iya faɗa wa mijinki Illo ma. Ban san yadda zan roƙi Bature ba, amma ina ɗauke da akwatinsa a kaina kullum, ba zan rasa hanya ba. Ki taya ni addu'a.

Ki shafa mini kan yaro. Ki riƙa shan kunun kanwa sosai, kar ki yi mini halin nan naki na ture ƙwarya. Inna ta aiko miki da daddawa.

Wassalam. Ni ne mijinki mai begenki,
Illo.

*

Zuwa ga maiɗakina Sadiyatu, sallama da gaisuwa da fatan alheri. Yaya kike, yaya Na'Allah, yaya ƙoƙari? Ina gaida Malam da kyau. Takardarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Kin ce yaro ya fara murmushi kuma hancina ya ɗauko. Allah Ya sa ya ɗauko haƙurinki, don nawa ya kusa ƙarewa.

Abubuwa sun lalace, bari in faɗa miki daga farko. Kafin a tashi albarushi dole ƙasa ta yi tsit, don allurar nan tana jin komi. Abin da ya fi damun Baturen kuwa daka. Da an fara daka a unguwa sai allurar ta kama karkarwa, shi kuma fuskarsa ta yi ja. Sai anka ɗora mini aikin bin gida gida ina sallama a ƙofa, ina roƙon matan mutane su ajiye taɓarya. Ki duba mini wannan wulaƙanci. Tani matar maƙwabcinmu ta aiko a tambaye ni ko Baturen ne zai ba yaranta tuwon dare, ko kuwa ni zan zo in surfa mata geron da haƙorana. Har yanzu in na wuce ƙofarta sai in ji an ƙyalƙyale da dariya bayan danga.

Ranar da anka tashi albarushin, a gefen gonakin yamma ne. Sun haƙa rami, sun zuba, sun rufe, munka ja baya. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba, amma ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata, na ji ta har cikin hanjina. Baturen ya duƙa kan takardarsa shina murna. Ni ma na fara murna, sai ga ihu daga wajen gidaje.

Inna ce. Ban yi tunanin in gargaɗe ta ba, kuma ba wanda ya yi. Kin san tana budurwa lokacin da Nasara sunka buga manyan bindigoginsu a filin Giginya ranar da sunka ci Sakkwato, yayanta ya fita ran nan bai komo ba. Da ta ji ƙasa ta motsa sai ta yar da ƙwarya, ta fita ba ko kallabi, da ƙafar nan tata, tana kiran sunan yayan nata tana cewa a kwashe yara. Can kan hanyar gari na cim mata. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta dawo hayyacinta, amma tun ran nan in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ba ita kaɗai ba, tsofaffi da yawa sun kwana a firgice.

Daga nan magana ta bazu cewa akwatin ba dutse yake saurare ba, mutanen kabari yake saurare, wai Nasara na son su ji abin da ake tambayar mamatanmu. Dattawa sunka taru wajen mai unguwa, shi kuma ya kai maganar cikin gari. Amsa ta zo cewa kar a ƙara tashin albarushi kusa da gidaje ko maƙabarta. Baturen bai yi gardama ba. Ɗanladi ya ce da sun gama da gonakin nesa za su naɗe tanti su yi gabas. Gidanmu kuwa tsakiyar gidaje yake. Ke nan na sha zagin mata, na jawo fushin Inna, kuma akwatin zai wuce ta ƙofata a bisa kaina bai saurari komi ba.

Na haɗu da yayanki a kasuwa. Ya ce mini, da fara'a dai, akwai fili a Wamakko bakin gulbi, me zai hana in tattara in komo can kowa ya huta. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma raina ya ɓaci. In bar gonar mahaifina ga wa? Inna ta sha faɗa, daga ɗakinta sai kabari. Kuma yarinyar nan tana kwance bayan gida kusa da kurna, in tafi in bar ta ga awakin mutane?

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Na san zancen sauraron kabari shirme ne, na yi karatu daidai gwargwado. Duk da haka shekaranjiya da hantsi na tsinci kaina tsaye gindin kurnar, inda kike zama da la'asar kina kaɗi, ina tunanin da a ce gaskiya ne, da na so a aje akwatin nan wurin ko sau ɗaya. Na yi istigfari na bar wurin.

Gabas ta fara yin duhu da yamma, iska na kawo ƙanshin ruwa daga nesa. Manoma na murna, ni gabana faɗuwa yake yi.

Ki gaida kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Illo.

*

Zuwa ga maiɗakina Sadiyatu, gaisuwa irin ta mai ɗoki. Ina fatan ke da Na'Allah kuna cikin ƙoshin lafiya, da Malam da iyalinsa duka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, a tsaye nake yin sa don mai kai miki shina jira da jakinsa.

Tani ce ta buɗe mini hanya ba da saninta ba. Muna gwada akwatin a inuwa bayan dangarta, sai ta kama daka da gangan, da ƙarfi, don ta ba mu haushi. Ina kallon allurar, duk saukar taɓarya sai ta yi tsalle. Na ce wa Ɗanladi, to in abin nan shina jin taɓaryar mace ɗaya har ya dame shi, me zai hana mata da yawa su zame mishi albarushi? Ɗanladi ya ce shi ba zai fassara wauta ba. Na ce in bai fassara ba, zan yi wa Baturen bayani da hannu. Ya fassara. Baturen ya yi dariya, can sai ya daina, ya kama gemunsa. Ya ce girgizar ba za ta yi nisa ba, amma in dutsen bai da zurfi sosai tana iya isa. Ya yarda a gwada a gidanmu, sharaɗinsa ɗaya, bugun ya sauka lokaci guda, sa'an nan a yi tsit.

Na sake bin gidajen nan da na hana daka ina roƙon a zo a yi daka. Kar ki tambaye ni abin da na sha. Amma da sunka ji zancen rijiya ne, kuma babu albarushi, sun zo, don su ma sun gaji da ruwan kududdufi. Munka binne gungumen itace rabi a tsakar gidanmu, Baturen ya ba ni wata waya na sa ƙarƙashinsa na zura ta cikin danga, ita ke shaida wa akwatin lokacin da bugu ya sauka. Shi da Ɗanladi suna waje, don matan sun ce ba za su ɗaga hannu gaban Nasara ba. Ni nake tsaye ƙofa ina kai magana ina kawowa.

Na ce musu su buga tare. Sunka ce to. Da na ba da alama, Sadiyatu, sai ga lugude! Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, Tani har tana cilla taɓarya sama tana tafi. Ba ƙeta ba ce, hannunsu ne ya saba, tun suna yara anka koya musu kar taɓarya biyu su haɗu a turmi. Munka sake, haka. Munka sake, sai ɗaya ta jira ɗaya. Takardar ta fito kamar kaji sun yi tono a kanta. Baturen ya fara naɗe wayarsa, ni kuwa na ji kamar in zauna ƙasa in yi kuka.

Inna tana zaune bakin ɗakinta duk lokacin nan, ta juya mana gefe. Sai na ji muryarta, karo na farko tun ranar albarushi. Ta ce, “Ku daka kuke yi. Mutumin nan daɓe yake so.”

Ta miƙe da sandarta ta shiga tsakiyarsu. Ashe a zamaninta ita ke ba da waƙa in ana daɓen ɗakin amarya, inda mata ke durƙusawa su bugi ƙasa tare har ta kwanta. Ta sa su riƙe taɓarya sama, ta ja baiti, sunka amsa, a ƙarshen amshin duka taɓaren sunka sauka tim, kamar hannu ɗaya. Ta ɗaga sanda, ba wadda ta motsa. Na leƙa waje, na ga Baturen ya cire hularsa shina kallon takarda. Allurar ta yi tsalle ɗaya mai kyau, sa'an nan 'yan ƙanana sunka biyo baya. Ɗanladi ya ce waɗannan 'yan ƙananan su ne amsar dutse.

Tun ran nan haka muke yi. A buga, in ɗauki akwati in matsa gaba, a sake bugawa. Mun ja layi daga ƙofar gida har bayan kurna zuwa burtali, mun sake ja ta wata fuskar, mun koma gidan Tani mun yi. Tuwon dare shina makara a unguwa duka, maza suna harara ta a masallaci. Dattawan da sunka kai ƙara sun rasa ta cewa, don ba a taɓa hana mata daɓe ba. Inna kuwa muryarta ta dushe amma ta hana kowa karɓar ta. Har yanzu ba ta cika yi mini magana ba, sai dai jiya ta ajiye mini fura a ƙofar ɗaki.

Baturen ya ce sai ya zauna da takardunsa ya auna kafin ya ce komi. Na kasa zaune na kasa tsaye. An yi yayyafi a Dange, in ji matafiya.

Mai jaki ya fara tsaki. Ki sumbaci yaro.

Naki,
Illo.

*

Zuwa ga maiɗakina Sadiyatu, assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Na'Allah da ta Malam. Wagga takarda ki karanta ta ke kaɗai tukuna.

Baturen ya kira ni ya zana mini abin da ya gano a ƙasa da tsinke. Dutsen da Dodo ya tarar shimfiɗe yake ƙarƙashin gidanmu duka, kuma kaurinsa ya fi ƙarfin dagi, ko shekara za a yi ana sara. Amma a bayan gida dutsen ya tsage tun zamanin da ba wanda ya sani, ɓangaren gabas ya nutse ƙasa, yashi ya cike wurin. Ya ce shi dutse yake ji, ba ya jin ruwa, don haka ba zai yi mini alkawari ba. Sai dai in da shi ne, a gefen yashin zai haƙa.

Na bi shi ya nuna mini inda tsagin ya bi. Ya ratsa tsakanin kabarin yarinyar nan da kurna. Ita tana ɓangaren dutse, kin tuna yadda masu haƙa sunka sha wuya ran nan. Kurnar tana ɓangaren yashi. Daga kurnar kuwa sai burtali, hanyar shanun Fulani, wadda ba mai ikon ya haƙa rami a kanta. Abin da ya rage mana na yashi a cikin iyakarmu shi ne gindin itacen nan kaɗai. Nan ya kafa turkensa.

Na kira Dodo ya duba. Ya ce sai an sare kurnar an tone saiwarta, in ba haka ba saiwa za ta fasa bangon rijiya. Na je wajen liman, ya zo ya auna da idonsa, ya ce tazarar ta isa, kabarin ba za a taɓa shi ba kuma shina sama da wurin, babu laifi a shari'a. Kowa ya ba ni hanya. Dodo har ya wasa gatari.

Ni ne na kasa. Inuwar kurnar nan ita ke rufe ta da rana tsaka. Ke kinka ce a sa ta nan don tana son 'ya'yan kurna, tana tsince su tana cika baki da su. Ke ke share wurin kowace safiya. In na sare itacen, rana za ta riƙa dukan wurin tun hantsi har la'asar, kuma wataƙila a sare a haƙa a tarar ba ruwa, mu yi biyu babu. In ban sare ba, ba ki ba komowa bana. Na juya abin nan har kaina ya yi ciwo. Gonar tawa ce, amma inuwar nan taki ce, ba zan sa mata gatari ba sai da izininki.

Kafin Baturen ya tafi na yi abin kunya. Na sa Ɗanladi ya tambaye shi ko da munka aje akwatin kusa da kurna ya ji wani abu daban. Ya dube ni, ya dubi tudun ƙasar, ina jin ya gane. Ya ce bai ji komi ba sai dutse da yashi, wurin shiru yake. Na yi hamdala, amma sai da na juya baya na share ido. Sun naɗe tanti sun yi gabas, wani ne ke ɗauke da akwatin yanzu.

Kar ki duba ni, kar ki duba rantsuwar Malam. Ki faɗi abin da zuciyarki za ta iya ɗauka. In kin ce a bari, na bari, in jira wata shekarar ban ce uffan ba. Sai dai ki hanzarta, don jiya an yi walƙiya ta gabas har tsakar gida ta haskaka.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.

Mijinki,
Illo.

*

Zuwa ga maiɗakina Sadiyatu, gaisuwa da godiya da yabo. Yaya gida, yaya Na'Allah? Ina durƙusawa ina gaida Malam.

Mai jaki ya iso ba takarda. Na zazzage buhunsa har ya ji haushi, sai ya miƙo mini ƙunshin da kinka ba shi. Na kwance na ga sabon guga da igiya. Na daɗe zaune da su a cinyata. Inna ta leƙo ta gani, ta ce to me kake jira.

Ni na fara saran kurnar, ban bar wa Dodo ba. Kafin nan na tsince 'ya'yan da sunka zuba, suna nan na ajiye miki a ƙoƙo. Tonon saiwar ya fi saran wuya, don ta yi zurfi ƙwarai. Daga nan Dodo ya shiga, ni da mazan unguwa muna jan ƙasa, har mijin Tani da ke harara ta a masallaci. An wuce marmara, an wuce tsawon tsohon ramin, ba dutse. Kullum ido ɗaya a rami, ɗaya a sama. Sau ɗaya hadari ya haɗu baƙi ƙirin har munka fitar da Dodo, iska ta zo ta watsa shi. Shekaranjiya yashin da ke fitowa ya fara sanyi a hannu. Jiya Dodo ya yi kira daga ƙasa, ya ce a sauko da guga. Naki na saukar.

Ga gora nan na ba mai jaki, na toshe bakinsa da kyau. Ruwan bai kwanta ba tukuna, ja ne, amma ba gishiri ba wari, na sha, Inna ta sha. Ki kai wa Malam ya gani da idonsa ya ɗanɗana, in rantsuwarsa ta cika ya faɗa. Muna ɗaure bakin rijiyar da duwatsu kafin ruwa ya sauka. Ranar Juma'a bayan an sauko ina tafe da jaki, ki haɗa kayanki.

Wurin yarinyar nan na yi mata rumfar zana kafin mu dasa wani itace. Ba kamar da ba ne, ba zan ɓoye miki ba, bayan gidan ya yi fayau. Gungumen kurnar kuwa ban bari an faskara ba. Shi na gitta a bakin rijiyar, a kansa igiyarki za ta riƙa bi.

Saura abu ɗaya, gara ki sani tun daga can. Ni da ke ba mu taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, ɗiyar fari ce, kunya ta hana mu tun tana raye. To Inna ta raɗa wa rijiyar sunanta, kuma matan unguwa sun kama. Da safen nan na ji Tani tana aiken ɗiyarta, ta ce maza ki ɗebo mini a rijiyar Atika. Ga shi na rubuta, hannuna bai ƙi ba. Ke ma ki fara gwada faɗinsa a hankali kafin Juma'a, don duk wanda ya sha ruwa a gidanki zai tambaye ki daga ina.

Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Illo.